Ƙurji a harshe: yadda za ka duba da kanka, da lokacin da ya zama dole a tafi asibiti

Kwanakin nan tambayar harshe ta yi min yawa. Wani ya ce ya tashi da safe ya ji ɗan ƙurji a tsinin harshensa kamar ƙwayar gero har shayi ya gagare shi, wata ta ce ta haska tocila ta ga wasu manyan ƙuraje a jere can ciki ta kwana ba ta runtsa ba don tsoron kansa, wato ciwon daji, wata kuma jaririnta ne bakin ya yi fari fat ya ƙi kama nono. To gara in zauna in jero matakan gaba ɗaya yadda kowa zai bi. Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne, yawancin ƙurajen harshe suna tafiya da kansu cikin kwana 3 zuwa 14, amma wanda ya haura sati biyu bai warke ba dole likita ya gan shi, ko yana zafi ko ba ya yi. Kai wanda ba ya zafin ma ya fi ba ni tsoro.

1. Fara da tambayar: na gaggawa ne?

Kafin ka nemi madubi ko gishiri, duba waɗannan. Idan harshe ko leɓe ya kumbura farat ɗaya cikin mintuna ko 'yan awanni, numfashi yana wahala, murya ta canza, ko yawu yana zuba saboda an kasa haɗiya, wannan ba na jira ba ne, a nemi abin hawa a tafi sashen gaggawa ko da tsakar dare ne. Borin jini kan jawo haka bayan cin wani abinci ko shan magani ko harbin zuma, kuma wasu magungunan hawan jini irin su lisinopril suna iya kumbura harshe ko da mutum ya daɗe yana shan su lafiya lau.

Haka nan kumburi mai tauri a ƙarƙashin harshe da haɓa tare da zazzaɓi, musamman ga wanda dama yake fama da ruɓaɓɓen haƙori, shi ma yana iya toshe hanyar iska. Sai wanda ya fara sabon magani kamar Septrin ko Fansidar, bayan 'yan kwanaki baki ya farfashe, ido ya yi ja, fata ta fara ƙuraje ko saɓulewa, a dakatar da maganin a tafi asibiti da kwalinsa a hannu. Da jinin da ya ƙi tsayawa bayan an danne wurin da ƙyalle mai tsabta na minti 10 zuwa 15.

Gargaɗi: kar a ɗura wa mai kumburin harshe ruwa ko rubutu ko jiƙo, zai iya shaƙewa. A bar shi a zaune, kar a kwantar da shi rigingine.

2. Yadda ake dubawa

Kayan aikin ba su da yawa: madubi, tocilar waya, hankici ko ƙyalle mai tsabta, sabulu da ruwa. Wanke hannu sosai, ka kurkure baki da ruwa tukuna, don sau da yawa abin da mutum yake gani ja ko ruwan ɗorawa launin goro ne ko zoɓo ko manja kawai. Da rana a bakin taga ya fi, hasken ƙwan ɗaki yana ɓoye launi.

Zaro harshen ka duba samansa. Sannan ka kama tsinin da ƙyallen ka ja shi dama, ka dubi gefen hagu tun daga gaba har can baya, ka sake ja hagu ka dubi gefen dama. Sai ka ɗaga shi ya taɓa ganɗa ka dubi ƙarƙashinsa da kwarin da yake kwance a kai. Wannan gefe da ƙarƙashin su ne mutane suke tsallakewa, alhali nan ne ciwon dajin harshe ya fi fitowa, ba a saman ba.

Bayan ido sai yatsa. Taɓa ƙurjin a hankali ka ji, laushi gare shi kamar sauran naman ko tauri kamar an saka ƙwayar gyaɗa a ciki? Ka shafa haƙoran da ke kusa da wurin ko akwai mai kaifi. Ka lalubi ƙarƙashin muƙamuƙi da gefen wuya ko akwai kaluluwa. Daga ƙarshe ka ɗauki hoto da waya, wannan hoton zai yi maka amfani sosai nan gaba, don ido yana mantuwa, bayan kwana 10 ba za ka iya cewa ya ƙaru ko ya ragu ba sai da shi.

Gargaɗi: ban da matsawa, ban da tsokana da allura ko tsinken sakace. Ƙurjin harshe ba irin na fuska ba ne, babu abin da zai fito sai jini, kuma ka buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa.

3. Ware abin da halitta ne

A nan hankalin mutane da yawa zai kwanta. Harshe dama ba sumul yake ba, cike yake da 'yan tsirarrakin da muke jin ɗanɗano da su. Can baya kusa da maƙogwaro akwai wasu manya masu zagaye wajen 8 zuwa 12, a jere suke sun yi kwana kamar bakin kibiya, kowa yana da su tun haihuwa, kawai dai ba ka taɓa haska wurin ba sai yau. A gefen harshe can baya ma akwai wasu 'yan ninke-ninke jajaye, su ma halitta ne. Jijiyoyin da suka yi shuɗi-shuɗi a ƙarƙashin harshen tsofaffi su ma ba cuta ba ne.

Hanya mafi sauƙi ita ce kwatanta dama da hagu. Abin da yake nan a ɓangarorin biyu iri ɗaya, girma ɗaya, galibi halitta ne. Abin da yake gefe ɗaya kawai shi ake sa wa ido.

4. Gane wane iri ne

Wanda ya fi yawa shi ne ɗan ƙaramin nan ja ko fari a tsini ko saman harshe, mai zafin tsiya idan haƙori ya goge shi. Ɗaya daga cikin tsirarrakin ɗanɗano ne ya kumbura, yawanci bayan yajin tsire ko attaruhu ko shayi mai ƙuna ko an ɗan ciji wurin. Kwana 2 zuwa 3 ya tafi, wani lokaci ya ɗan haura.

Na biyu gyambon baki, mai zagaye, tsakiyarsa fari ko ruwan ɗorawa, bakinsa ja, yana son ƙarƙashin harshe da gefensa da cikin leɓe. Zafinsa ya fi girmansa nesa ba kusa ba, tsamiya ko lemon tsami ta taɓa shi sai ka ji har ƙwaƙwalwa. Ba a ɗaukarsa daga wani, kuma yana warkewa cikin kwana 7 zuwa 14 ba tabo. Damuwa, rashin barci, lokacin jarrabawa, da al'ada ga wasu mata suna tayar da shi. Idan yana yawan dawowa kusan kowane wata to a gwada jini, don ƙarancin sinadarin ƙarfe ko bitamin B12 ko folik asid na iya zama a ƙarƙashinsa, ba bitamin C kaɗai ba da kowa yake gudu ya saya. Wanda harshensa ya yi ja sumul kamar an goge, yana raɗaɗi, ga gajiya, shi ma ƙarancin jini za a fara nema.

Na uku rauni, kuma ina so in ɗan tsaya a kansa. Akwai wani dattijo a unguwarmu da haƙorinsa na turmi na ƙasa ya gutsure ya bar kaifi kamar fasasshen tangaran, kullum yana gogar gefen harshe a wuri ɗaya. Ya fi wata biyu yana tauna da ɓangare guda, yana shafa zuma, yana zazzaga kafso, gyambon ya lafa ya dawo, har ya koma shan kunu da koko kawai. Ranar da ɗansa ya kai shi wajen likitan haƙori aka goge kaifin nan cikin 'yan mintuna aka ce ya dawo bayan sati biyu a sake dubawa, da ya koma wurin ya rufe. Duk maganin da za ka zuba, muddin abin da yake gogar harshen yana nan ba zai warke ba. Haƙorin roba da bai zauna daidai ba ma haka yake yi. Wani lokaci yawan cizon wuri ɗaya yana barin ɗan tudu mai santsi launin naman harshe wanda ba ya zafi, ba kansa ba ne yawanci, amma likita ne zai tabbatar, ba kai ba.

Na huɗu farin abu kamar gudajin kindirmo a manne a harshe da cikin kumatu, idan aka goge ya fita ya bar wurin ja har da ɗan jini. Wannan naman gwari ne da ake kira kandida. A jarirai abu ne da aka saba gani. A babba kuwa tambaya ce, me ya kawo shi? Shan maganin kashe ƙwayoyin cuta barkatai, abin shaƙa na masu asma idan ba a kurkure baki bayan an shaƙa, haƙorin roba da ake kwana da shi, ciwon suga da bai daidaita ba, ko raunin garkuwar jiki kamar na HIV. Babban da ya ga wannan ba tare da wani dalili a fili ba, ya gwada suga da HIV, ba abin kunya ba ne wallahi, mutane da yawa ta bakinsu aka fara gane ciwon sugansu.

Akwai kuma waɗanda ake samu ta saduwa, ba zan ɓoye ba tunda lafiya ake magana. Tunjere yana iya fara fitowa a matsayin gyambo guda ɗaya mai ɗan tauri marar zafi a harshe ko leɓe, ya ɓace da kansa bayan 'yan makonni mutum ya ɗauka ya warke alhali cutar ta shige jini, kuma allurar penisilin tana maganinsa idan an gano. Ƙwayar HPV kuma tana fitar da wani tsiro mai kan yatsu-yatsu kamar farin kabeji ƙarami.

Ƙarƙashin harshe idan ka ga ƙullutu mai laushi mai ɗan shuɗi kamar an cika shi da ruwa, yawanci hanyar yawu ce ta toshe. Wanda kuma yake kumbura daidai lokacin cin abinci ya sace daga baya, ɗan dutse ne mai yiwuwa a bututun yawu.

Sai wanda duk muke tsoro. Ciwon dajin harshe ya fi zama a gefe ko ƙarƙashi, gyambo ko tudu mai tauri, bakinsa a ɗage, da farko sau da yawa babu zafi ko kaɗan, shi ya sa ake raina shi. Yana iya zuwa da fari ko jan tabo wanda ba ya gogewa, jini ba dalili, wani ɓangare na harshen ya mutu ba ka jin sa, ciwon kunne ɗaya alhali kunnen lafiya lau, harshe ya yi nauyi wajen magana, ko kaluluwa mai tauri marar zafi a wuya. Masu shan sigari da shisha, masu cusa garin taba a leɓe, da masu shan giya su ne a sahun gaba, musamman an haura shekara 40, kuma wanda ya haɗa taba da giya haɗarinsa ya ninka sosai. Amma yana kama wanda bai taɓa kusantar ko ɗaya ba, don haka kar ka ce ai ni ba na shan komai.

5. Kulawa a gida na kwanakin farko

Idan babu alamar gaggawa kuma abin bai kai sati biyu ba, ga abin yi. Rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi ɗaya na ruwan ɗumi, ka kurkure ka tofar, sau 3 ko 4 a rana musamman bayan cin abinci. Ka ajiye yaji, citta mai yawa, tsamiya, abarba, lemon tsami da duk abin da yake tururi, ka bar shayi ya huce. Kunu mai ɗumi, fura da nono, ayaba, tuwo mai laushi da miyar kuka ba barkono, ruwan sanyi ko ɗan ƙanƙara a tsotsa, duk suna sauƙaƙa zafi. Ci gaba da wanke baki da buroshi mai laushi, kar ka daina don tsoron zafi, dattin baki yana ƙara jinkirta warkewa. Mai amfani da asuwaki ya tauna kan sosai ya yi laushi tukuna. Sigari da shisha a ajiye gaba ɗaya.

Don zafi, babba zai iya shan farasitamol ƙwaya 2 na 500mg, kar a wuce ƙwaya 8 cikin awa 24. A kemis akwai ruwan kurkure baki mai chlorhexidine, yana taimaka wa gyambo, sai dai idan an daɗe ana amfani da shi yana rina haƙora, don haka na 'yan kwanaki ne.

Gargaɗi, kuma nan ne aka fi yin kuskure: kar a ɗora ƙwayar asfirin a kan gyambo, ƙona naman take yi. Kar a goga kanwa ko alif ko toka ko busasshen gishiri. Kar a fasa kafson Ampiclox ko ja da yalo a zazzaga, yawancin ƙurajen nan ba irin cutar da waɗannan magunguna suke kashewa ba ne, kandida ma ƙara mata ƙarfi suke yi. Kuma don Allah kar a kai wa wanzami ya tsaga ko ya yanke, harshe jini gare shi sosai, ga haɗarin ciwon hanta da sandarewar jiki ta ƙarfen da ba a dafa ba, sannan idan abin na bincike ne an yar da naman da ya kamata a auna.

6. Ƙirga kwanaki

Rubuta ranar da ka fara jin sa, ko ka bar hoton farko ya zama shaida. Ka sake ɗaukan hoto a kwana na 7 da na 14, wuri ɗaya haske ɗaya. Idan yana raguwa a sati na farko to alhamdulillahi ci gaba da abin da kake yi. Idan kwana 14 sun cika yana nan, ko ya ƙaru, ko ya yi tauri, a tafi. Ba sai an jira cikar sati biyun ba idan ya fi faɗin farcen ƙaramin yatsa, ko akwai zazzaɓi, ko ka kasa ci da sha, ko kana ramewa, ko kai mai taba ne ka ji tudu mai tauri a gefen harshe.

Gargaɗi: lafawar zafi ba warkewa ba ce. Da ido da yatsa ake tabbatarwa, wurin ya koma daidai da ɗan'uwansa na ɗaya gefen.

7. Idan yaro ne

Uwa, farin harshen jariri ki gwada gogewa a hankali da ƙyalle mai tsabta da ruwa. Idan ya fita ƙasan lafiya lau to ragowar nono ne. Idan ya manne, yana cikin kumatu ma, yaron yana kuka in ya kama nono, kandida ce, a asibitin sha-ka-tafi za su ba ki maganin ɗigawa irin nystatin, kuma ki faɗa musu idan kan nononki yana zafi don a yi maganin ku biyun tare, in ba haka ba za ku yi ta mayar wa juna. Kar a shafa wa yaron da bai kai shekara 1 ba zuma, kar a ba ɗan ƙasa da shekara 16 asfirin. Jaririn da bai kai wata 3 ba ya yi zazzaɓi, asibiti kai tsaye.

Yara 'yan shekara 1 zuwa 5 sukan yi zazzaɓi da ƙuraje masu ruwa birjik a harshe da dasashi, wani lokaci har tafin hannu da ƙafa, ƙwayar bairos ce kuma tana wucewa cikin kwana 7 zuwa 10. Abin tsoro a nan bushewar jiki ne saboda yaron yana ƙin sha. Ki riƙa ba shi ruwa mai sanyi ko ruwan gishiri da suga da cokali kaɗan-kaɗan, ki lura da fitsari, idan ya yi awa 8 bai yi ba ko ya yi laushi yana ta barci a tafi. Harshe ja jawur mai tsiro-tsiro tare da zazzaɓi da ƙurajen jiki, ko zazzaɓin da ya kai kwana 5, shi ma na likita ne.

Abu ɗaya da bai kamata a wuce shi ba a arewa: yaro mai tamowa ko wanda bai daɗe da tashi daga ƙyanda ba, ɗan shekara 2 zuwa 6, idan dasashinsa ya fara gyambo yana jini, baki yana wari sosai, kumatu ya fara kumbura, a yi sauri a ranar. Cutar da ake kira noma haka take farawa kuma cikin kwanaki take cin fuska, alhali a matakin farko magani da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. Akwai asibitin yara masu cutar noma a Sakkwato tun 1999, amma matakin farko asibiti mafi kusa da ku ne.

8. Zuwa asibiti: wa za ka gani, me za a yi

Likitan haƙori shi ne ya fi sanin cikin baki, ba cire haƙori kaɗai ne aikinsa ba, sai likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Idan garinku babu, fara da babban asibitin gwamnati su rubuta maka takardar turawa. Asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano, na ABU da ke Shika, na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato da na Maiduguri suna da sashen tiyatar baki da muƙamuƙi. Tafi da hotunan wayarka, da kwalayen duk magungunan da kake sha har na gargajiya, da haƙorin roba idan kana sawa. Faɗi gaskiya kan taba da giya da mu'amala, likita ba alƙali ba ne, amsarka ce take nuna masa inda zai duba.

Maganar kuɗi, yankar kati da ganin likita su ne mafi sauƙi, sai gwajin suga da na yawan jini, gwajin HIV kuwa kyauta ne a yawancin asibitocin gwamnati. Goge kaifin haƙori ko cike shi yana sama da haka, wanda ya fi tsada shi ne yanko ɗan nama a kai ɗakin bincike, da hoton wuya idan an buƙata. Ka tambayi farashin kowanne kafin a fara, idan kana da inshorar lafiya ka tafi da katinka.

Idan aka ce za a yanko ɗan nama kar ka gudu. Allurar kashe zafi ake yi a wurin, a ɗebi ɗan kaɗan, a ɗinke da zare ɗaya ko biyu, yawanci ka koma gida a ranar. Maganar da ake yaɗawa cewa in ƙarfe ya taɓa ciwon daji sai ya bazu ta sa mutane da yawa sun koma gida sun zauna har abin ya kai wuya, gwajin nan shi kaɗai ne yake bambance kansa da wanda ba kansa ba, kuma wanda aka kama yana ƙarami ya fi sauƙin cirewa nesa ba kusa ba. Kafin ka bar wurin ka tambayi ranar da sakamako zai fito da ofishin da za ka karɓa, ka rubuta lambar da aka sa wa samfurinka a takarda ka ajiye, kuma ka koma ka karɓa ko da wurin ya daina damunka.